Takalmin Hajiya Kulsum a Kife

Ranar da aljanu suka sauka gidan Mushe Buraima, wato Malam Buraima a bakin masu Faransanci, Zongon Lome kaf sai da ta girgiza. Wato dai layinsu, shi ma rabinsa, don sauran suna bakin rediyo ana buga ƙwallo.

Magariba ce irin ta kullum. Rana ta faɗa bayan unguwar Agoè, hayaƙin gawayi ya kwanta a tsakar gida, kaji sun hau katanga sun yi tsit. Buraima, malamin lekol, wato makarantar boko, wanda ya tsufa yana koya wa yara cewa kowane abu da dalilinsa, ya tsuguna yana alwala. Sai dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki. Aka yi shiru. Wani dutsen ya fasa tulu. Wani kuma ya sauka gaban butarsa, a hankali, kamar an ajiye masa.

Ya fara da zargin yaran maƙwabta. Washegari ya kama biyu, aka ci gaba da jifa suna hannunsa. Ya koma kan mai gidan baya, wanda suke rigimar magudanar ruwa da shi, sai aka ce mutumin yana Makka. Daga nan zargin ya dawo cikin gida, ya zauna a kan yayarsa Asibi.

Dalili kuwa takalma. Mahaifiyarsu, marigayiya Hajiya Kulsum, ta bar wasu takalman jar fata ɗinkin Kano, masu ado da koren zare, waɗanda ta shigo Lome da su tana budurwa. Ba wanda ya taɓa ganin ta saka su; tana dai shafa musu man kaɗanya ta turara su duk Alhamis. Da gwamnati ta buɗe gidan tarihi, aka ce kowace al'umma ta kawo kayan kakanninta, Buraima ya miƙa su da hannunsa a gaban manyan jam'iyya. Abin da Asibi ta ce kawai shi ne, "Takalman nan da mai su."

Ba a jima ba abin ya koma kan 'yarsa Ma'u. Da an kira magariba sai ta sandare, ido a kafe, ta riƙa zaga tsakar gida a karkace kamar mai takalmi ƙafa ɗaya. Buraima ya lura ajinsu Ma'u sun ziyarci gidan tarihin gab da fara jifan. Ya kuma lura a ɗakin gwaggonta take kwana. Amma yarinyar ta daina cin abinci, ƙasusuwan wuyanta suka fito, likita kuma ya ce bai ga komai ba. Da Asibi ta aika a kira Malam Nata'ala, Buraima bai ce to ba, bai kuma hana ba.

Malam ya zo ana shirin kiran salla. Ya zauna a tabarma, ya zuba turare a kasko, ya daɗe yana karatu ƙasa-ƙasa. Duhu ya fara cin kusurwoyin gidan. Can Ma'u ta ɗago kai, muryar da ta fito ta tsohuwa ce, da wata Hausa da ba a ƙara yin irinta a Zongo.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

"Wanda ya kai ni ya sani."

"Me kike nema a jikin yarinya?"

"A dawo mini da takalmana."

Gumi ya karyo wa Buraima, ba kuma na tsoron aljana ba. A zamanin nan, wanda ya yi wa ƙasa kyauta a bainar jama'a, ya dawo ya ce a ba shi abinsa, ba lallai ya kwana a gida ba.

"Allah gafarta Malam, ka gaya mata takalman na gwamnati ne yanzu."

"Tana jin ka, Mushe."

Buraima ya lura ita ma aljanar sai da ta yi jim da aka ambaci gwamnati.

"To, su riƙe," in ji muryar. "Wurin da sanyi, ba laifi. Amma sun kife mini ƙafa ɗaya. Ƙasan takalmi yana kallon sama, a kulle cikin gilashi, kowa ya gani ya wuce. A gidan uban wa ake haka?"

Asibi ta dafe ƙirji tana salati. A Zongo, ko ɗan yaye ya ga takalmi a kife sai ya juya shi da ƙafa kafin ya wuce.

"In an juya, kin fita?" in ji Malam.

"Na fita. Sharaɗi dai, kada magariba ta ƙara riskarsa a kife."

Ma'u ta yi atishawa, ta dubi mutanen da ke kanta, ta ce, "Gwaggo, akwai sauran wake?"

Da safe Buraima ya sa kwat ya tafi gidan tarihi. Direkta, wanda ya yi karatu a Faransa, ya bayyana masa cewa da gangan aka kife ɗayan, don baƙi su ga ɗinkin ƙasa; ilimi ne. Sannan ya tambaya cikin ladabi ko Mushe yana da ƙorafi a kan tsarin gidan tarihin ƙasa. Mushe ba shi da ƙorafi.

A bakin ƙofa mai gadi, wani Bazabarme mai suna Seydou, ya ja shi gefe.

"Mushe, na ji komai. Wallahi ni ma abin yana ci mini rai, kullum idona yana kansa. Mabuɗin gilashin kuwa yana hannuna."

Suka shirya: in za a rufe Seydou ya juya takalmin, da safe kafin direkta ya iso ya mayar.

Jifa ya tsaya, Ma'u ta murmure. Har yau Buraima yana cewa makircin Asibi ne daga farko har ƙarshe, kuma wata rana zai kama ta. Sai dai ranar Laraba tun da hantsi Seydou yake tashi daga aiki, mabuɗin kuma a aljihun Mushe yake yini. Duk Laraba da la'asar ajin Mushe Buraima na gidan tarihi, shi ne kuma na ƙarshen fita.

Direkta ya ce bai taɓa ganin malami mai son tarihi kamarsa ba.