Gayyar Mai Bikos

A can wani zamani, a wani ƙauye, an yi wani saurayi da ya je birni ya koyo Turanci. Cikin duk abin da aka koya masa, ba abin da ya riƙe kamar guntayen jimla masu faɗin dalili da lokaci, waɗanda ke farawa da "bikos" da "wen". Ya ishi kowa da su, har aka laƙaba masa Mai Bikos.

Duk ranar gayya, in samari suka taru noman gonar ɗayansu, sai ya zo da farar riga, ba fartanya, ya tsaya a inuwa.

"Ku saurara, jahilai," in ji shi. "Bikos na kawo dalili, wen na kawo lokaci. Ku maimaita!"

Ba mai tanka masa. Amma in an kawo fura, shi ne farkon miƙa hannu. Haka a gonar wannan, haka a gonar wancan.

Ana nan, ciyawa ta shaƙe geronsa. Ya kira gayya, ya sa aka dama fura ƙwarya-ƙwarya. Da ya hango samarin tafe, ya ce a ransa, ai dole su girmama ilimi.

Suka iso da fararen riguna, ba fartanya, suka tsaya a inuwa, suka shanye furar tas.

Babbansu ya goge baki ya ce, "Malam, duƙa ka fara, mu za mu biya maka karatu. Bikos!"

"Wen!" sauran suka amsa.

Ya duƙa shi kaɗai, rana na dukan ƙeyarsa. Ciyawa kuwa ba ta jin Turanci.