Jan Sharbat a Motar Gulfam

Ranar da Rubab ta fara ganin Sarmad, zafin birnin Multan na Pakistan kamar ya narkar da kwalta. Ta taso daga makarantar da take koyarwa, ƙawarta ta ce yayanta Sarmad zai rage musu hanya. Rubab kuwa uwar ƙyanƙyami ce, ko kofin ƙanwarta ba ta sha da shi. Tun kafin ta shiga ta toshe hanci, don ta san motocin maza: warin gumi, warin safa, a kulle a kunna esi a kai. Tir!

Sai ta ga ya sauke gilasai duka huɗu.

"Malam, gasa mu za ka yi?"

"Yi haƙuri, bari iskar da ta kwana ta fita tukuna. Ba na so ki shaƙi numfashin jiya."

Ta saci kallonsa ta madubi, ashe shi ma ita yake kallo. Shi ke nan, zance ya ƙare.

Ba a jima ba saƙonni suka fara kai-komo. "Gimbiyar toshe hanci, yau har ƙarƙashin kujera na wanke. Ki zo ki duba."

"Sai na shinshina tukuna, Sarmad ɗina."

Abbu, mahaifinta, shi ya zame musu ƙarfen ƙafa. Sau ɗaya ya shiga motar Sarmad, ya fito yana yarfe gumi.

"Yaron da zai kunna esi ya bar taga a buɗe? Mai zubar da sanyi a titi ne zai riƙe min 'ya? Ga Gulfam ɗan abokina, mai gonar mangwaro, motarsa kamar firij. Ba zan miki dole ba, amma wancan kam ban sa albarka ba."

Rubab ta sha kuka, don ta rantse ba za ta shiga gidan miji ba sai da albarkar Abbu.

Wata Lahadi Abbu ya matsa ta raka shi ganin gonar. Suna fita unguwa Sarmad ya hango ta a kujerar bayan motar Gulfam. Wayarta ta yi ƙara: "Na gan ki cikin sanyi. Allah ya sanya alheri."

Ina ta ga bakin amsawa? Amai take dannewa. Gilas a rufe ruf, iska ɗaya sai zagaye take: warin taba, turare mai hawa kai, ruɓaɓɓen mangwaro. Gulfam na ta tauna paan, ganyen da ake taunawa kamar goro, haƙora jajur. Shi da ba ya buɗe taga ko don tofar da yawu, sai ya tsirta a wata robar ruwa, ya rufe, ya ajiye a bakin esi. Abbu bai gani ba, gyangyaɗi yake.

Can ƙishi ya tashe shi. Ya ga roba ja, ta yi sanyi har da raɓa, ya ɗauka lemon sha ne.

"Kai, jan sharbat! Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Kafin Rubab ta ce "Abbu!" ya kafa kai.

Wayyo! Idanun tsoho suka firfito, ya kama dukan gilas. "Buɗe! Buɗe taga!"

Gulfam ya waiwayo. "Baffa, ai sanyin zai fita..."

"Uwar sanyin! Tsaya, ƙazamin banza!"

A bakin titi Abbu ya amayar da har abincin jiya. Rubab na riƙe da shi, hannu ɗaya na rubutu: "Masoyi, bar fushi. Zo ka ɗauke mu a hanyar gona. Taho da ruwa da sabulu."

Sarmad ya iso a guje, bai tambayi komai ba. Ya zuba wa tsoho ruwa ya kurkure baki har robar ta ƙare. Duk hanyar gida kan Abbu na waje ta taga, iska mai zafi na dukansa, yana ta hamdala.

Ranar bikin Rubab da Sarmad an sha lassi na damammen nono, an sha ruwan rake, amma jan sharbat ko ɗigo Abbu bai bari ya shigo ba. Da kansa ya sa amarya a mota, hawaye na zuba a gemunsa. Ya dafa kanta, ya dafa kan ango.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ga amana nan, Sarmad."

Sarmad ya kai hannu zai kunna esi saboda kwalliyar amarya. Abbu ya ƙwanƙwasa taga.

"Sauke gilas tukuna, ɗana. Duka huɗun."