Ana Sanin Mai Kisan a Ƙarshe

A makon da tarzoma ta rufe birnin Douala, ana ta ƙona tayoyi a titi, Bilya ya maƙale a gidan gwaggonsa a unguwar New Bell, babu tasin komawa gidansu a Makèpè. Nan ya fara ganin Zinariya, 'yar maƙwabta. Ta tarar shi da 'ya'yan gwaggon sun baje wani wasan allo: an kashe mai gida, 'yan wasa su gano wa ya yi, da wane makami, a wane ɗaki. Sau uku a jere ta riga kowa ganowa. Shi kuwa Bilya, tun zagayen farko hankalinsa ya bar kan katunan.

A rana ta huɗu yayanta Jibirilla ya fita neman burodi, harsashi ya same shi. Babu wanda ya ce ya ga mai harbin.

Bayan sadakar arba'in Bilya ya tura mata saƙo: "Zinariyata, ma chérie, masoyiyata, na yi kewar dariyarki. Gobe zan zo da abin da zai dawo da ita."

Kaico Bilya. Wasan nan ya ɗauka ya kai gidan da aka kashe wa ɗa. Mahaifinta, Malam Yusufa, ya ga katin igiya da na bindiga a kan tabarmarsa, ya ce kada yaron ya sake taka masa ƙofa, maganar aure kuma a manta da ita.

Zinariya ta rubuto wa Bilya: "Ka yi wauta, Bilyana, na sha kuka. Amma ban fasa ba."

Wata biyar yana zuwa ban haƙuri, ana barinsa tsaye a waje ruwan sama na dukansa. Wata Juma'a bayan la'asar tsohon ya kira shi ciki, ya tambaye shi ko a wasan nasu ana sanin mai kisan a ƙarshe. Bilya ya sunkuyar da kai ya ce ana sani.

"Kullum?"

"Kullum, Baba."

Malam Yusufa ya daɗe yana kuka a gaban yaron da ya kora. Sannan ya ce, "Ni ba za a taɓa gaya mini ba. Na rasa wanda zan yi fushi da shi, sai na same ka. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure ba kiɗa ba guɗa. Da za a tafi da amarya, Malam Yusufa ya dafa kanta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Ya ba ku 'ya'yan da za su binne ku, ba ku ku binne su ba."