Rabi a Ciki, Rabi a Waje

A shagon fotokofin da yake aiki a unguwar New Bell Imrana ya fara ganin Zulfa, ɗalibar kimiyyar halittu. Ta miƙa masa zanen darasinta, shi kuwa ya shagala da kallonta har injin ya tauna takardar.

"Pardon, malama. Taswirar wace unguwa ce wannan?"

Ta yi dariya. "Ƙwayar halitta ce, a cikinta ake ƙera furotin, sinadarin gina jiki. Furotin ɗin da za a kai bangon ƙwayar, da adireshinsa a ka yake fitowa. Sai ɗan rakiya ya kama adireshin, ya tsayar da aikin, ya ja shi har ƙofa."

"In ya shiga fa?"

"A yanke adireshin. Ya gama amfani."

Rabin bayanin bai shiga kan Imrana ba, amma kullum sai ya nemi ƙari. Kafin damina ta wuce ya koma kiranta Dokta.

Da ya tura manyansa, mahaifinta Alhaji Wakili ya ƙi. Babbar 'yarsa Asta ma da alkawarin karatu aka aure ta, ga littattafanta nan a kwali har yau.

Zulfa ta tura masa saƙo: "Baba ya ce karatun da ya haɗa mu shi za ka fara yankewa. Wallahi ni ma ina tsoro, mon cœur, zuciyata."

Hankalin Imrana ya tashi. Ya rubuta: "Doktata, kowane furotin ne ke shigewa gaba ɗaya?"

"A'a. Wasu cikin bangon suke zama, rabi ciki, rabi waje."

"To haka nake son ki zauna a gidana."

Da ƙafarsa ya je ya durƙusa gaban Alhaji, ya yi alkawarin Zulfa za ta ci gaba da karatu.

"Na taɓa jin irin wannan alkawari, yaro."

"Baba, kada a ɗauke shi alkawari. A faɗe shi sharaɗi wurin ɗaurin aure, gaban shaidu."

Alhaji ya ce, "D'accord, na yarda."

Haka aka ɗaura auren a masallacin unguwa, liman ya maimaita sharaɗin kowa ya ji.

Litinin bayan biki, Alhaji ya rufe shagonsa ya je ya laɓe a bakin jami'a, don zuciyarsa ba ta kwanta ba. Can sai ga Zulfa ta sauko daga babur, lalle jawur a hannu, Imrana na miƙa mata farar rigar aikinta.

Tsohon ya share ido da bakin rawani.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce a hankali, ya juya gida ba su gan shi ba.