Ƙarin da Na Ɗora wa Shagon Labule

"An ɗora lafiya. Injiniya, har yaushe za ka riƙa ce min Malama? Ni fa sonka nake yi."

Haka rubutun ya fito ɓaro-ɓaro a babban allon ɗakin taro, cikin koren akwati, kowa na kallo.

Innalillahi!

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Injiniya, abokin aikina, shi ne ya danna maɓallin ɗorawa, hannunsa na kan kwamfutar ya kasa ɗaukewa. Yayarsa kuwa, wadda ta raine shi, wadda shafin nata ne, gilashinta ta gyara ta sake karantawa a hankali, da ƙarfi, har da alamar tambayar.

Ni na rubuta ƙarin nan, wato 'yar manhajar da ake ɗora wa shafin intanet don ya iya wani sabon aiki. Wannan na shagon labulen Yaya ne, masu saye su riƙa zaɓar ranar da za a je a auna musu taga. Kowane ƙari yana da fayil ɗin saƙonni: abin da zai ce in an ɗora shi, in an yi kuskure, in an cire shi. Lokacin gwaji kowa shirme yake zubawa a ciki kafin ya sa na gaskiya. Ni kuwa uwar iyayi, zancen Injiniya na zuba. Wallahi na gyara daga baya, amma da na zo ƙunshewa sai na ƙunshe tsohuwar jakar fayilolin.

"Ayya!" in ji Mai zane, abokiyar aikinmu da ke zana shafuka, tana rufe baki da hannu. "Ni da na gani jiya na ɗauka da saninki ne."

Ashe ta gani tun jiya! Shi ya sa ta dage sai an ɗora a babban allo. Ta daɗe tana yi masa shisshigi, kullum ita ce kawo shayi.

Yaya ta miƙe ta saɓa jaka.

"Wannan ce wadda kake cewa mai kunya?"

Bai ce komai ba. Ko ɗago kai bai yi ba.

Wannan shirun ya fi komai ƙona min rai. Na fice a guje, kwamfutata ma a kan tebur na baro ta.

Washegari da safe Yaya ta kira ni.

"Ki zo shago ki kwashe min tarkacenki."

Na tarar da ita a bayan kanta, tsakanin ɗaurin yadudduka, keken ɗinki na ta ƙara a ciki. Na durƙusa na gaishe ta. Da haɓa ta nuna min kwamfutarta.

"A gabana za ki cire."

Na shiga ɓangaren masu kula da shafin, na nemo ƙarin, na kai kibiya kan maɓallin cirewa. Dannawa ɗaya, shi ke nan, ba wanda zai sake ganin tonon asirina.

Sai idona ya faɗa kan jerin masu saye. Tun jiya mutane suke ta shiga suna zaɓar rana, da adireshinsu da lambobinsu. Ni kuma na san yadda na rubuta abina: in an cire shi, da kayansa kaf yake tafiya.

"Me kike jira?"

"Anti... in na cire, duk waɗanda suka sa rana za su goge."

"To sai yaya? Duniya ta ci gaba da karanta rashin kunyarki?"

"Wannan saƙon na jiya masu saye ba sa ganinsa, sai ke kaɗai. Zan iya gyara rubutun ba tare da na cire ba. Sai dai..."

"Sai dai me?"

"Sai na buɗe fayil ɗin. Kuma ba shi kaɗai ba ne a ciki."

Ta jawo kujera ta zauna dab da ni, har ina jin ƙamshin turarenta.

"Buɗe."

Wayyo ni! Na buɗe. Ta sa yatsa a kan allon tana bi layi-layi.

"In ba a cika komai ba: *Shiru dai, halinka ne.*" Ta yi tsaki. "Nan kam kin yi gaskiya."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan siket ɗina.

"In an riga mutum rana: *An riga ki. Haka za a riga ki in ba ki buɗe baki ba.* Ke, duk wannan a cikin aikina?"

"Ki yi haƙuri, Anti."

Ta gangara ƙasa. Da ta kai layin ƙarshe, saƙon da ke fita in an cire ƙarin, ba ta karanta da ƙarfi ba. Na san abin da ke wurin: *An cire. Na haƙura. Allah ya ba ka wadda Yayarka za ta so.*

Ta daɗe tana kallon layin.

"Wa ya ce miki ba na son ki?"

"Kowa ya san kin ce ba ya auren 'yar ofis."

"Na faɗa," ta ce. "Ban san za ki zauna ki sha wannan kunyar saboda tagogin mutane ba."

Sallama muka ji daga ƙofa. Injiniya ne tsaye, rungume da kwamfutata, idanunsa jawur. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake wurin.

"Malama..." Ya tsaya. "A'a. Ba Malama ba."

Na juya masa baya. Wallahi ba zan iya haɗa ido da shi ba.

"Jiya ke kika ji kunya, amma ni ya kamata in ji. Kin faɗa a gaban kowa, ni namiji guda na kasa buɗe baki. Yaya, ita nake so. Tun ranar da ta fara aiki nake son ta." Muryarsa ta yi ƙasa. "Rabin raina, ki yafe min shirun nan."

Na rufe fuska da mayafi, kuka ya ƙwace min, ga dariya tana neman kufce min a lokaci guda.

"Kai, tafi can! Sai yau bakinka ya buɗe, a cikin shagona?" Yaya ta jefe shi da guntun yadi.

Sannan ta turo min kwamfutar da ɗan yatsa.

"Share hawayenki ki gyara min aikina, akwai masu jira. Ki fara da na ƙarshen nan, goge shi."

Na goge.

"Yauwa. Yanzu gaya min, yaushe mahaifinki yake zama a gida?"