Ƙofar da Iska Ba Ta Kayar Ba

Ruwan farko na daminar 1998 ya zo wa Gusau da iska mai tsige rufin kwano. Da aka ɗauke, kusan ƙarfe biyar na yamma, aka kawo rahoto caji ofis: ƙofar gareji ta faɗa wa direba a Sabon Gari, ya mutu.

Sufeto Idris Bungudu ya isa gidan tare da kofur ɗaya. Gidan Hajiya Yelwa ne, mai sayar da atamfa. Garejin yana cikin katanga, yana kallon gabas. Murfi ɗaya na ƙofar ƙarfe yana kwance a tsakar gida, an riga an ɗaga shi daga kan Labbo, direban Hajiya na shekara tara.

Ɗahiru, ƙanin Hajiya, shi ya tarbe su.

"Ni na same shi, ranka ya daɗe. Dawowata ke nan daga Bungudu. Can ma ruwa ya tsare ni."

"Hajiya fa?"

"Tana Tsafe wurin biki. An aika mata."

Sufeto ya tsaya a bakin garejin. Iskar daga gabas ta zo, kowa ya shaida. Ya kamata ta tura ƙofar ciki. To ga ta a waje.

Ya tsuguna ya taɓa ƙasar da murfin ya rufe. Laka ce sharkaf. Ya taɓa bayan rigar mamacin. A bushe.

Kafin magariba mutanen unguwa sun kamo Yusha'u mai walda, wanda ya ƙera ƙofar, da leɓe a fashe. Difi'o, shugaban caji ofis ɗin, ya ce a kulle shi.

"Aikin ha'inci ne ya kashe mutum," Difi'o ya ce wa Sufeto. "Ka rubuta, ka rufe fayil."

"Ba zan rufe ba, yallaɓai. Ban ma buɗe ba tukuna."

Washegari Sufeto ya sa aka fito da Yusha'u. Mutumin ya ƙi zama.

"Ba ni zama a kujerar masu laifi. Wagga ƙofa ni na yi ta, kuma iska ba ta kayar da ita."

"Ga ta kuwa a ƙasa."

"Mutum ya kayar da ita. Bara iska ta naɗe wa Hajiya tsohuwar ƙofa kamar tabarma. Ta zagaya wurin masu walda uku kafin ta zo wurina. Na ce mata, in kyan fenti take so, ta koma can. In ƙofar da za ta tsaya take so, sai ƙarfe mai kauri, a gicciya wani ƙarfen a bayansa, mariƙi uku su riƙe kowane murfi a jikin ƙafar ƙofa, sakata ta shiga ƙasa, ƙafafun kuma a binne su cikin siminti. Ta zaɓi tawa."

"To yaya mutum zai cire ta?"

"Kowane mariƙi yana da ƙusa mai kaurin yatsa. Sai an buge ta da guduma daga ƙasa, kuma daga cikin gareji. Ka je ka duba. In mariƙan sun yage, ka kai ni kotu yau. In lafiyarsu ƙalau, ka nemo mai guduma."

Sufeto ya koma gidan. Mariƙai uku, babu wanda ya ko lanƙwashe. Ƙusoshin ne babu.

Ya shiga cikin garejin. Warin fetur ya fi ƙarfin mota ɗaya. A ƙasa, kusa da bango, akwai shatin gindin duro har guda shida. A shekarar nan mutane na kwana biyu a layin mai.

Hajiya Yelwa ta iso, idanunta jajur.

"Hajiya, kina ajiye mai a nan?"

"Ni? Rabona da shiga garejin nan tun kafin azumi. Makulli biyu ne. Ɗaya wurin Labbo, ɗaya wurin Ɗahiru."

"Labbo ya faɗa miki wani abu kwanan nan?"

"Shekaranjiya da zan tafi ya ce yana da magana, amma sai na dawo. Na ce to."

Daga nan Sufeto ya hau babur ɗinsa ya nufi Bungudu, garinsu. Tun daga gada ya ga gonaki a bushe. Ya tsaya wurin wani tsoho da ke gyaran kunya.

"Baba, an yi ruwa jiya?"

"Ina! Hadari dai mun hango ta wajen Gusau. Ko ɗigo."

Da la'asar aka kawo Ɗahiru ofis. Ya shigo da babbar riga, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ka ce ruwa ya tsare ka a Bungudu."

"Haka ne."

"Daga can nake. Irin gero ma ba a fitar ba."

"Wataƙila a hanya ne ya tsare ni."

"To bari in faɗa maka abin da ƙasa ta ce. Ƙofar ta faɗi bayan an yi ruwa, don ƙarƙashinta laka ce. Labbo kuma bai ga ruwan ba, rigarsa a bushe take. A cikin gareji ya mutu. Likita ya ce raunin ƙeyarsa na siririn ƙarfe ne, ba na ƙofa ba. Ina durorin man?"

"Ka san ko su wa na sani a garin nan?"

"Kira su. Su zo su yi mini bayanin inda ƙusoshi uku suka shiga."

Kofur ya shigo ya ajiye ƙunshin tsumma a tebur. A bayan motar Ɗahiru ya samo shi, ƙarƙashin safayar taya. Sufeto ya kwance. Ƙusoshi uku da guduma.

Ɗahiru ya kalle su.

"Cewa Labbo ya yi zai gaya wa Hajiya," ya ce a hankali. "Wai man zai ƙone gidan da yara a ciki. Na kwashe durorin da safe, na roƙe shi ya yi shiru, ya ƙi. Ya juya baya, ƙarfen kwance taya yana hannuna. Da iska ta taso sai na ga ta kawo mini mafita."

Aka saka masa ankwa. Sufeto da kansa ya buɗe wa Yusha'u, wanda ya fita kai a ɗage, bai gode wa kowa ba.

A baranda dangi sun cika, suna roƙon Hajiya ta sa baki a sasanta a gida. Ɗahiru ya tsaya a gabanta.

"Yaya, ciki ɗaya muka fito."

Hajiya Yelwa ta gyara mayafinta.

"Labbo ma daga cikin wata ya fito. Tana Magami, kuma ni ce zan je in kalli idonta. Sufeto, tafi da shi."