Goggo Ta Gan Shi a Asibiti

"Ka faɗa min gaskiya, Dogo. Me kake zuwa yi a wurin nan?"

Dogo ya ajiye sukudireba a kan firjin da ya kwance wa baya, ya goge hannu da tsumma, ya ƙi haɗa ido da Auta. Shagon cike yake da matattun firji, fanka tana ta juyi ba ta sanyaya komai.

"Rabin raina, zauna mana."

"Ba zama na zo yi ba. Goggo ta gan ka da idonta, ba sau ɗaya ba. Asibitin da masu shaye-shaye ke zuwa karɓar magani su koma gida. Ta ce har wasa kuke yi da mai gadi."

"Goggo ba ta yi ƙarya ba. Ina zuwa."

"Shaye-shaye kake yi?"

"Ba na yi."

"To gyaran firji suke kiran ka?"

Da ma ya ce e. Ta riga ta shirya yarda tun kafin ya buɗe baki.

"A'a," ya ce a hankali. "Auta, maganar ba tawa ba ce. Ki yi min haƙuri..."

Ta fita ba ta yi masa sallama ba. Sai da ta kai bakin titi ta lura ba hanyar gida ta kama ba.

A gida ta tarar Goggo, ƙanwar Abba, ta riga ta gama aikinta. Abba yana zaune a falo ya cire tabarau, Umma ta rafka tagumi, Yaya kuma yana tsaye jikin ƙofa.

"A dakatar da maganar auren nan," in ji Abba. "Ban raini 'ya don in miƙa wa ɗan ƙwaya ba."

Auta ta juya wajen Yaya. Shi ne babba a gidan, malamin makarantar da Abba ke alfahari da shi, kuma shi ya fara kawo Dogo gidan a matsayin aboki.

"Yaya, kai ka san shi fiye da kowa. Ka ce wani abu mana."

Yaya ya kau da kai. Ya ce kansa ke ciwo, ya shige ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya Auta ba ta san inda kanta yake ba. Ta zuba gishiri a shayin Abba. Ta ɗauki waya za ta kira Dogo, ta ajiye, ta sake ɗauka. Mutumin da ko kusa da mai taba ba ya zama? To in ba ya sha, me zai ɓoye har ya yarda ya rasa ta? In kuma yana sha, ita wa take so duk tsawon lokacin nan?

Ranar da Goggo ta ce tana ganin sa, Auta ta ja mayafi ta tafi da kanta.

Ta zaci za ta tarar da mahaukata suna tangaɗi. Sai ta ga ɗakin jira kamar na kowane asibiti: kujerun roba a jere, wani dattijo yana karanta jarida, wata mata da kayan ofis tana duba agogo. Ana kiran mutum ya je taga, nas ta ba shi magani ya haɗiye a gabanta, daga nan ya wuce wani ɗaki da ke ƙarshen baranda.

Dogo yana can a kujerar lungu, yana riƙe da hular kwano biyu.

Biyu?

Ƙofar ɗakin ƙarshe ta buɗe. Yaya ya fito yana share ido da bayan hannu.

Shi ya fara ganin ta. Ya tsaya cak, kamar wanda aka dasa.

A ƙarƙashin matakalar bene suka tsaya su uku. Yaya ya jingina da bango.

"Kin tuna hatsarin babur ɗin da na yi? Ƙwayar ciwon baya da aka rubuta min... baya ya warke, ni ban daina ba. Da ta daina isa ta na ƙara da maganin tari, daga baya har giya. Dogo ya tsince ni a bayan shagonsa ban san inda nake ba. Shi ya kawo ni nan."

"Kuma kullum kana kwana a gida, kana zuwa aiki..."

"Haka tsarin yake, ba a kwantar da mu. Maganin yana kashe min ƙishirwar abin, likitar ɗakin can kuma muna zama da ita mu yi magana. Ni na sa shi ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba."

"Kana tsaye Abba ya kira shi ɗan ƙwaya, Yaya. Kana tsaye!"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ta rasa ko ta rungume shi ko ta mare shi. Ta juya ga Dogo, hawaye na zuba, har ta fara murmushin jin sauƙi.

"Ashe kai ba ruwanka..."

"Tsaya, masoyiyata. Tunda an zo nan, gara ki ji duka." Dogo ya ajiye hulunan a ƙasa. "Kin san yadda aka yi na gane halin da Yaya ke ciki da kallo ɗaya? Ni ma na zauna a kujerun nan, tun kafin in san ki. Shi ya sa mai gadi ya san ni. Shekaru ke nan ban taɓa komai ba, amma na yi."

Murmushin ya bushe a fuskarta.

"Na tambaye ka a shago."

"Kin ce ina yi? Na ce ba na yi. Gaskiya ce, amma ba duka ba. Tsoro na ji."

Auta ta zauna a kan matakala. Da safe ta fito da tambaya ɗaya, yanzu ga ta da amsoshi biyu, kowace tana ƙaryata ɗaya. Goggo ta yi kuskure, Goggo kuma ta yi daidai.

"Idan abin ya dawo maka fa?" ta ce, ba ta ɗago ba. "Bayan an yi auren, ga yara?"

"Ba zan yi miki rantsuwar da ba ni da iko da ita ba. In kin ga alama, ki kamo hannuna ki kawo ni nan. Ba zan yi miki gardama ba."

Ta miƙe. Ta tare mota ta koma gida ita kaɗai.

Da yamma Yaya ya durƙusa gaban Abba ya faɗi komai. Umma ta fashe da kuka. Abba bai yi faɗa ba. Ya yi kwanaki ba ya cin abinci da kowa. Rannan da safe sai ga shi ya fito da takalmi a ƙafa, ya ce wa Yaya, "An ce likitar tana son ganin iyali. Mu je."

Bayan sun dawo ya aika a kira Dogo. Dogo bai jira an tambaye shi ba, ya ba da nasa labarin tun daga farko.

Abba ya daɗe yana juya tabarau a hannu.

"Ka rufa wa ɗana asiri, ka ɓoye wa 'yata naka. Wallahi ban san ko in gode maka ko in kore ka ba." Ya dubi Auta da ke raɓe a bayan Umma. "Ke fa, me kika ce?"

Auta ta ɗago kai. Ta nemi tsoron a ranta, ta same shi yana nan, bai je ko'ina ba.

"Ina jin tsoro, Abba," ta ce. "Amma in tsoron ne, gara in ji shi a gidansa."

Abba ya mayar da tabarau, ya yi gyaran murya.

"To, Allah ya sa alheri. A ci gaba da shiri."